Magungunan ƙwarƙwatar kai

Magungunan ƙwarƙwatar kai su ne mayuka, ruwan shafawa, sabulun wanke gashi da ƙwayoyin sha da ake amfani da su wajen kashe ƙwarƙwatar da ke zama a gashin kan ɗan Adam, wadda masana ke kira Pediculus humanus capitis. Magungunan sun kasu gida biyu. Kashi na farko guba ne ga jijiyoyin ƙwaron, kamar permethrin, malathion, ivermectin da spinosad. Kashi na biyu kuma lulluɓe ƙwaron suke yi ko su busar da shi har ya mutu, kamar dimeticone da isopropyl myristate. Ingancinsu ya bambanta ƙwarai, kuma maganin da ya yi aiki a wata ƙasa yana iya gazawa a wata, saboda ƙwarƙwata ta bijire wa wasu tsofaffin magunguna a wurare da dama. Abubuwa uku ne aka fi dubawa wajen kwatanta su: yawan mutanen da suka rabu da ƙwarƙwata bayan kimanin mako biyu, ko maganin yana kashe ƙwai, da kuma illolinsa ga mai amfani da shi, musamman ƙananan yara.

Ƙwarƙwatar kai da rayuwarta

Ƙwarƙwatar kai ƙaramin ƙwaro ne mai ƙafa shida, tsawonta milimita 2 zuwa 3. Ba ta da fuka-fuki, ba ta tashi kuma ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi. Tana shan jini daga fatar kai sau da yawa a rana. Idan ta bar jikin mutum takan mutu cikin kwana 1 zuwa 2, amma a kan kai tana iya rayuwa kimanin kwana 30. Hanyar da aka fi ɗaukarta ita ce haɗuwar kai da kai, shi ya sa ta fi yawa a tsakanin yara 'yan makaranta da 'yan gida ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa ana samun kamuwa miliyan 6 zuwa 12 a kowace shekara a tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11 a ƙasar. Ba a san ƙwarƙwatar kai da yaɗa wata cuta ba, saɓanin ƙwarƙwatar tufafi da ke yaɗa wasu nau'o'in zazzaɓi. Matsalarta ita ce ƙaiƙayi, rashin barci, gyambo idan susa ta yi yawa, da kuma tsangwamar da yara ke fuskanta.

Macen ƙwarƙwata tana manna ƙwayayenta a jikin gashi, dab da fatar kai, galibi a bayan kunne da ƙeya. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10, sannan ƙaramar ƙwarƙwata ta saɓe fata sau uku ta girma cikin kwana 9 zuwa 12. Wannan lissafi shi ne tushen tsarin shafa magani. Yawancin magunguna suna kashe ƙwarƙwata mai rai amma ba sa kashe dukkan ƙwai, don haka ake maimaita shafawa bayan kwana 7 zuwa 10, lokacin da ƙwayayen da suka tsira sun ƙyanƙyashe amma 'ya'yan ba su kai ga yin nasu ƙwan ba.

Yadda ake auna inganci

A gwaje-gwajen asibiti ana raba masu ƙwarƙwata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kowane rukuni magani daban, ko a ba rukuni ɗaya man da babu sinadarin magani a cikinsa. Bayan kimanin kwana 14 sai a taje kai da matsefi mai ƙananan haƙora a duba ko akwai ƙwarƙwata mai rai. Wanda ba a samu ko ɗaya a kansa ba shi ake lissafawa ya warke.

Ana taka-tsantsan wajen jera sakamakon gwaje-gwaje daban-daban wuri ɗaya. An yi su a ƙasashe da shekaru daban-daban, wasu sun haɗa da tajewa wasu ba su haɗa ba, kuma yaro yana iya sake ɗaukar ƙwarƙwata daga abokinsa kafin ranar dubawa. Kamfanonin da ke yin magungunan ne suka ɗauki nauyin da yawa daga cikin gwaje-gwajen. Saboda haka kwatancin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka gwada magani biyu a gwaji ɗaya, a kan jama'a ɗaya.

Pyrethrin da permethrin

Pyrethrin sinadari ne da ake samu daga furen wata shuka mai suna chrysanthemum, kuma ana haɗa shi da piperonyl butoxide don ƙara masa ƙarfi. Ana shafa shi a busasshen gashi na minti 10, ga yaran da suka kai shekara 2. Ba ya kashe ƙwai, don haka dole a maimaita bayan kwana 9 zuwa 10.

Permethrin kwaikwayon pyrethrin ne da aka harhaɗa a cibiyar bincike ta Rothamsted da ke Ingila a farkon shekarun 1970. An amince da nau'insa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 don maganin ƙwarƙwata a Amurka a shekarar 1986, kuma aka fara sayar da shi ba tare da takardar likita ba a 1990. Ana shafa shi a gashi mai ɗan danshi na minti 10, kuma ana iya amfani da shi ga jaririn da ya kai wata 2. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da araha, illolinsa kaɗan ne, galibi ƙaiƙayi ko jan fata.

Magungunan biyu suna aiki ne ta hanyar riƙe ƙofofin da gishirin sodiyam ke bi a jijiyoyin ƙwaron a buɗe, sai ya shanye ya mutu. A shekarun 1980 permethrin yana warkar da sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gwada shi a kansu. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara samun rahoton bijirewa a Isra'ila, Birtaniya, Faransa, Jamhuriyar Czech da Ajantina. Dalilin shi ne wani sauyi a ƙwayoyin gadon ƙwarƙwata, wanda ake kira kdr, da ke canza siffar waɗannan ƙofofi. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya tattaro ƙwarƙwata daga wurare 138 a jihohi 48 na Amurka, ya gano cewa yawan wannan sauyi ya kai kusan kashi 98 cikin 100. Duk da haka, samun sauyin ba ya nufin magani zai gaza a kowane lokaci, domin a Jamus an ga permethrin ya warkar da mafi yawan yaran da ƙwarƙwatarsu ke ɗauke da shi.

Malathion

Malathion mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 yana hana aikin wani sinadari da ke kwantar da saƙon jijiya, sai ƙwaron ya yi ta karkarwa har ya mutu. Yana kashe ƙwarƙwata da wani kaso na ƙwai. Ana barinsa a kai na awa 8 zuwa 12, kuma ana maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 9 idan an ga mai rai. Nau'in da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da alkohol kashi 78 cikin 100, saboda haka yana saurin kama wuta, kuma ba a yarda a kusanci murhu, sigari ko na'urar busar da gashi ba yayin da yake kai. A can an ware shi ga yara daga shekara 6. A Birtaniya akwai nau'in da aka haɗa da ruwa, wanda ake amfani da shi daga wata 6. Yana da wari mai ƙarfi, kuma an samu bijirewa gare shi a Birtaniya, Faransa da Denmak.

Ivermectin

Ivermectin ya samo asali ne daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, kuma William Campbell da Satoshi Omura sun sami kyautar Nobel ta 2015 saboda aikin da ya kai ga gano shi. Shi ne maganin da ake rabawa kyauta da sunan Mectizan tun 1987 don yaƙi da makantar rafi a Najeriya, Kamaru, Chadi, Ghana da wasu ƙasashen Afirka. Ana amfani da shi kan ƙwarƙwata ta hanya biyu.

Ta farko ita ce ƙwayar sha. A wani gwaji da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 2010, wanda ya ƙunshi mutum 812 daga gidaje 376 a Birtaniya, Ailan, Faransa da Isra'ila, an ba rukuni ɗaya ivermectin sau biyu, mako ɗaya a tsakani, aka shafa wa ɗaya rukunin malathion. Dukkan mahalartan wani maganin shafawa ya riga ya gaza musu. A rana ta 15, kashi 95.2 cikin 100 na masu shan ivermectin sun rabu da ƙwarƙwata, a rukunin malathion kuma kashi 85. Ba a ba yaron da nauyinsa bai kai kilo 15 ba, haka ma mace mai ciki. A yankunan dazuzzukan tsakiyar Afirka, kamar kudancin Kamaru, inda tsutsar ido mai suna Loa loa take, shan sa yana iya haifar da mummunar illa ga ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi yawa a jininsa. Saboda haka likita ne kaɗai ke rubuta shi.

Ta biyu ita ce man shafawa mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wanda aka amince da shi a Amurka a 2012 da sunan Sklice, aka kuma sake shi ga masu saye ba tare da takardar likita ba a 2020. Ana shafa shi sau ɗaya tak a busasshen gashi na minti 10, ga yara daga wata 6. A gwaje-gwaje biyu da suka ƙunshi mutum 765, kashi 73.8 cikin 100 sun warke a rana ta 15, idan aka kwatanta da kashi 17.6 na waɗanda aka shafa wa man da ba shi da magani. Ba ya hana ƙwai ƙyanƙyashewa, amma yawancin 'ya'yan da suka fito daga ƙwan da man ya taɓa ba sa iya shan jini, sai su mutu.

Spinosad

Ana samun spinosad daga wata ƙwayar halittar ƙasa mai suna Saccharopolyspora spinosa. An amince da nau'insa mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100 a Amurka a 2011 da sunan Natroba. Yana kashe ƙwarƙwata da ƙwai. Ana barinsa minti 10, kuma ba a maimaitawa sai an ga mai rai bayan kwana 7. A gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a mujallar Pediatrics a 2009, spinosad ya warkar da kashi 84.6 da kashi 86.7 cikin 100 ba tare da tajewa ba, yayin da permethrin tare da tajewa ya warkar da kashi 44.9 da kashi 42.9. Ana amfani da shi daga wata 6. Babbar matsalarsa ita ce tsada da wahalar samu a wajen Amurka.

Abametapir da benzyl alcohol

Abametapir, wanda wani kamfanin Ostireliya ya ƙirƙiro, ya sami amincewa a Amurka a 2020 da sunan Xeglyze. Yana toshe wasu sinadaran da ƙwarƙwata ke buƙata don rayuwa da ƙyanƙyashewa. Da shafawa ɗaya, kimanin kashi 81 cikin 100 sun warke a gwaje-gwaje biyu, a rukunin da ba a sa wa maganin ba kuma kimanin rabi.

Benzyl alcohol mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda aka amince da shi a 2009, yana hana ƙwarƙwata rufe ƙofofin numfashinta, sai man ya shaƙe ta. Ba ya kashe ƙwai, don haka ana shafa shi sau biyu. Ya warkar da kimanin kashi 75 cikin 100 a gwaje-gwajensa.

Dimeticone da isopropyl myristate

Dimeticone man silikon ne da ke lulluɓe ƙwarƙwata, ya toshe ƙofofin numfashinta, ya kuma hana ta fitar da ruwan da ta sha tare da jini. Da yake aikinsa bai shafi jijiyoyi ba, sauyin kdr ba ya kare ƙwarƙwata daga gare shi. Fatar mutum ba ta tsotse shi, kuma ba shi da wari. Shi ne aka fi amfani da shi a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, da sunaye irin su Hedrin da NYDA.

A gwajin da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, a 2005, dimeticone mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 ya warkar da kashi 70, phenothrin, wanda ɗan uwan permethrin ne, ya warkar da kashi 75, amma ƙaiƙayin fata ya fi ƙaranci a rukunin dimeticone, kashi 2 a kan kashi 9. A wani gwaji na 2007 a Ingila ya warkar da kimanin kashi 70, malathion kuma kimanin kashi 33. A Fortaleza ta ƙasar Brazil, a gwajin da aka wallafa a 2008, nau'in da ke ɗauke da dimeticone kashi 92 cikin 100 ya warkar da kimanin kashi 97 na yara a rana ta 9, permethrin kuma kimanin kashi 68.

Isopropyl myristate yana narkar da kakin da ke rufe jikin ƙwarƙwata, sai ruwan jikinta ya ƙafe. Ana shafa shi minti 10, a maimaita bayan mako ɗaya. A wani gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2008 ya warkar da kimanin kashi 82 cikin 100, permethrin kuma kimanin kashi 19. Wasu daga cikin waɗannan mayuka suna sa gashi ya kama wuta cikin sauƙi, don haka ana nisantar wuta har sai an wanke kai.

Lindane

Lindane tsohon magani ne da aka daɗe ana amfani da shi kan ƙwarƙwata da ƙazuwa. Yana shiga jiki ta fata, kuma yana iya haddasa jijjiga har ma da mutuwa, musamman ga jarirai, tsofaffi da masu farfaɗiya. Jihar Kalifoniya ta haramta shi a matsayin maganin ƙwarƙwata a 2002, kuma a 2009 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ba da shawarar amfani da shi.

Tajewa da jiƙaƙƙen gashi

Ana yawan kwatanta magunguna da tajewa, wato a wanke kai, a shafa man laushin gashi mai yawa, sannan a taje daga tushe zuwa ƙarshe da matsefi mai ƙananan haƙora. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ba da shawarar yin haka a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. Sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna. A Wales, a gwajin da aka wallafa a 2000, tajewa ta warkar da kashi 38 cikin 100, malathion kuma kashi 78. A wani gwajin na 2005, tajewa da ingantaccen matsefi ta warkar da kashi 57, magungunan kanti kuma kashi 13 kacal da shafawa ɗaya. Tajewa ba ta da guba, don haka ta dace da jarirai, masu ciki da masu shayarwa, sai dai tana cin lokaci, kuma tana da wahala a gashi mai kauri da murɗewa.

Zaɓen magani

Idan aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka kwatanta magani biyu kai tsaye, spinosad, dimeticone da isopropyl myristate sun fi permethrin a wuraren da ƙwarƙwata ta bijire, ivermectin na sha kuma ya fi malathion ga waɗanda maganin farko ya gaza musu. Inda ba a san da bijirewa ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a rahotonta na 2022, ta ci gaba da sanya permethrin ko pyrethrin a matakin farko saboda araha da ƙarancin illa. Shekarun yaro, juna biyu, asma, ciwon fata, farashi da abin da ake samu a kantin magani duk suna shiga cikin zaɓin.

Ba a shafa magani sai an ga ƙwarƙwata mai rai. Ɓawon ƙwan da ya riga ya ƙyanƙyashe yana iya zama a gashi na tsawon watanni, kuma ana rikita shi da amosani. Ƙaiƙayi ma yana iya ci gaba na 'yan kwanaki bayan ƙwarƙwata ta mutu.

Dalilan gazawar magani

Bijirewa dalili ɗaya ne kawai daga cikin dalilan da ke sa magani ya gaza. Sauran sun haɗa da shafa ɗan kaɗan wanda bai jiƙa dukkan gashi ba, wanke shi kafin lokaci, mantawa da shafawa ta biyu, da kuma sa man laushin gashi kafin permethrin, abin da ke hana shi kama gashi. Kitso yana hana magani isa ko'ina, don haka ana tsefe shi tukuna, kuma gashi mai yawa yana buƙatar magani mai yawa. Idan ba a duba dukkan 'yan gida an yi wa masu ƙwarƙwata magani rana ɗaya ba, yaro yakan sake ɗauka cikin kwanaki. Idan an bi ƙa'ida sau biyu kuma har yanzu akwai mai rai, ana sauyawa zuwa magani mai wata hanyar aiki daban, ba a ƙara yawan na farko ba.

Abubuwa masu haɗari

Kananzir, fetur da magungunan ƙwari na gona ko na ɗaki ba magungunan ƙwarƙwata ba ne. Kananzir da fetur suna ƙona fata kuma suna kama wuta. Sinadarin dichlorvos, wanda ake samu a fiya-fiya, yana shiga jini ta fatar kai kuma yana iya kashe mutum. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni. Ba a kuma amfani da maganin ƙwarƙwatar dabbobi a kan mutum. Fesa maganin ƙwari a ɗaki ba shi da amfani, tun da ƙwarƙwata ba ta daɗewa a wajen kai. Ya isa a wanke matsefi, ɗankwali, hula da rigar filo da aka yi amfani da su cikin kwana biyun da suka wuce a ruwan zafi, abin da ba ya wankuwa kuma a ƙulle shi a leda na mako biyu.